Ɗumin Bangon Merv

"Me kuke liƙa wa bangona?" in ji Noelene, tana tsaye a ƙofar maƙwabcinta Merv, wanda bango ɗaya ya raba gidajensu.

"Bangonki? Ji tsohuwa da ƙarfin hali!" Merv ya faɗa daga kujerarsa yana tari. "Ai rabinsa nawa ne."

Ɗansa Glenn, da ya zo daga birnin Hobart, ya ɗaga wani farin allon soso mai kauri. "Anti, wannan iska ce cunkushe a cikinsa, zafi ba ya ratsa shi. Da, duk ɗumin hitar da Baba ke ɗumama ɗaki da ita bango ke shanyewa."

To me Noelene za ta ce? Tun rasuwar matar Merv, kullum da safe takan ɗora tafin hannunta a bangon kicin ɗinta, daidai inda hitarsa take ta ɗaya gefen. In ta ji ɗumi, tsohon ya tashi ke nan. Shi kuwa Merv, ka tambaye shi lafiya, sai ya ce ko makara ka gani a ƙofarsa. Tambayar bango ta fi sauƙi.

Aikin soso ya yi kyau, ba laifi. Ta taɓa yau sanyi, gobe sanyi, alhali tana jiyo rediyonsa. Sai ta daina taɓawa.

Sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, ya kankama, ruwa ba ƙaƙƙautawa, kowa ya shige ɗaka. Ran ɗaukar shara ne ta lura Merv bai fito da kwandonsa ba. Ta buga ƙofa har hannunta ya yi ja, sannan ta kira 'yan sanda.

A ƙasa aka same shi, tsakanin gado da hita. Likita ta ce ya daɗe a wurin da ransa kafin ya cika.

Da Glenn ya zo kwashe kaya, Noelene na taya shi, ya janye hitar, sai ya tsaya turus.

"Kai, Baba da ɓarna! Anti, dubi abin da ya yi."

An yanke soson da wuƙa a bayan hitar, tsaf, har bango ya fito. Faɗin tafin hannu.

Ashe Merv ya san tana taɓa bangon.

Ta koma kicin ɗinta, ta matsar da butar shayi, ta ɗora hannunta a wurin. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.