Kujerar Gaba a Motar Amos

Su biyar ne suke hawa motar Amos kullum safe daga Suleja zuwa aiki a Abuja, huɗu a matse a baya, ɗaya a gaba yana miƙe ƙafa. An sha ɓata rai a kan kujerar gaban nan, har Khamis, wanda ke koyon rubuta manhaja a wayarsa, ya ce zai raba gardama. Ya rubuta layi shida da yaren Python: sunayensu a jere, sai umarnin a zaro ɗaya kamar ƙuri'a.

Ranar Litinin wayar ta ce Khamis. Talata ma Khamis. Da ta maimaita ran Laraba, Baba Almu masinja ya dube shi ta saman tabarau.

"Wayar nan ta san mai saya mata data."

Aka yi dariya, amma Khamis bai ji daɗin kujerar ba. Ya san bai yi maguɗi ba, sai dai saninsa ba zai wanke shi a idon kowa ba.

Sailuba, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Ba rantsuwa muke so ba, Malam. Koya mana mu karanta abin da kanmu."

Nan cunkoson motoci na garin Madalla ya zama aji. Waya tana zagayawa hannu zuwa hannu, Khamis yana bayani: kalmar "if" tana nufin "idan", layin da aka tura ciki kuwa yana ƙarƙashin na samansa ne, kamar ɗan haya da mai gida.

Amos ya ce, "To a rubuta, idan Amos ne, a saya masa shayi."

Abin da ba su sani ba, bayan darasin farko Khamis ya ƙara layi biyu a can ƙasa: idan sunansa ya fito, a sake zarowa. Mako biyu yana matse a baya, gwiwa a ƙirji, hankalinsa kwance. Zargi ya mutu.

Wata Juma'a, kafin su shiga mota, Sailuba ta karɓi wayar tana bin layukan da yatsa, tana karantawa a fili. Sai ta tsaya.

"Malam Khamis, wannan 'idan' ɗin na waye?"

Ta karanta wa kowa, tiryan-tiryan, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Baba Almu ya riƙe haɓa. "Kai, kanka kake cuta?"

"Don ku yarda da ni, Baba."

Sailuba ta ce, "Ai yanzu ne ka yi mana ƙarya. Sau huɗu ina zama a gaba ina tsammanin rabona ne, ashe sadaka aka ba ni."

Kunya ta kama Khamis, amma murmushi ya ƙi barin fuskarsa. Ba wanda ya taimaka mata, ita kaɗai ta karanta ta kama shi.

Ta goge layukan biyu da kanta, ta nuna wa kowa sauran shidan, sannan ta danna. Wayar ta ce Khamis.

Amos ya kifa kai a sitiyari yana dariya. Baba Almu ya buɗe ƙofar gaba da hannunsa.

"Shiga, Malam. Amma gobe ni zan danna."