Dabinon da Ya Rage

Shekarar da aka yi jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, mutane suka fara kallon gonakinsu da idon fuloti. Barau ya riga kowa. Shi da Muntaka 'ya'yan wa da ƙani ne, sun gaji gonar kakansu a gindin dutse, Muntaka ta sama, Barau ta ƙasa. A kan iyakarsu akwai dabino takwas, duk dashen tsohon.

Wata rana Muntaka ya dawo daga kasuwa ya tarar Barau ya sa an sare bakwai, ana haƙa masa harsashin gidan haya. Ya kai ƙara wurin dagaci, aka ce ya yi haƙuri, zumunci ya fi itace. Ya ce to. Amma irin "to" ɗin nan ne da ba ya wuce maƙogwaro. Ya tsani Barau, ya kuma rantse gidan nan ba zai tsufa ba.

A saman gonarsa akwai jerin duwatsu da gamba, kakansu ya yi don karya ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga kan dutse. Gab da damina Muntaka ya ɗauki sangwami ya ɓare kamu biyu, daidai saitin gidan. Modibbo, wani dattijon makiyayi, ya zo wucewa da shanunsa, ya tsaya yana kallo.

"Ɗana, mayar da su. Kwazazzabo ba gaba yake ci ba, baya yake ci. Daga inda ruwa ya faɗa yake farawa, ya hauro neman inda ya fito."

"Baffa, gyara nake yi."

"Allah ya sa gyaran ne," in ji Modibbo, ya kaɗa shanunsa.

Daminar farko ruwa ya ja ɗan layi kamar kunyar gona. Barau kuwa, da yake kwaɗayi ba ya barin mutum, ya riga ya sayar wa masu tifa yashin bayan gidan, ya bar rami. Nan ruwan ya sami wurin faɗawa, yana cin gindi, ƙasar sama tana ruftawa. A damina ta uku katanga ta zube, ɗakuna biyu suka bi ta, 'yan haya suka kwashe kayansu. Muntaka ya yanka zakara, ya ci har ƙashi. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun ranar aurensa.

Barau bai ko zo faɗa ba. Ya tsince bulonsa, ya koma unguwar Takur ya sake gini.

Ramin kuwa bai bi shi ba. Kowace damina sai ya hauro taku biyar ko shida. Muntaka ya mayar da duwatsun, ya ƙara da buhunan ƙasa, amma ina, ruwa ya riga ya gane hanya. An ce ramin mugunta a gina shi gajere. Shi ai gajere ya gina, ruwa ne ya ƙarasa masa.

A damina ta shida, bayan wani ruwan hantsi, ya je ya tarar da dabino na takwas kwance a cikin kwazazzabo, saiwoyinsa a sama. Ya zauna a bakin ramin ya daɗe, ƙasa tana zarewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Barau ya sare bakwai, wannan kuwa Muntaka ba shi da wanda zai kai ƙara.