Ɗantani Ya Sayi Waƙar Masu Bugu

Shagon bugu na Malam Ɗantani yana cikin wani lungu a Mandawari, irin lungun da babur biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya raɓe. Tun daga bakin titi ake jin ƙarar, dum, dam, dum, dam. Shi ne da abokin aikinsa Salisu, zaune suna fuskantar juna, gungumen ice a tsakaninsu, shadda a kai, kowa riƙe da ɗan bugunsa, guntun katakon nan mai nauyi da ake dukan tufa da shi har ta yi sheƙi. Shekara ashirin da biyu suna wannan zama, kuma in ban da lokacin salla babu abin da suka taɓa yin ittifaƙi a kansa.

Akwai wata waƙa da Ɗantani ba ya fara aiki sai da ita. Marigayi Ilu Mai Gurmi ne ya yi wa masu bugu ita tun zamanin kaset, kuma kiɗanta ya yi daidai da tashin hannu da saukarsa. Amma abin da ya sa Ɗantani yake sonta baiti ɗaya ne, inda Ilu yake cewa, "Isiyaku na Mandawari, hannunka ya fi dutsen guga." Sunan mahaifin Ɗantani ke nan, a wurinsa ya gaji shagon. Duk sanda aka zo wurin sai ya ɗaga ɗan bugunsa sama, ya ce, "Allah ya jiƙan maza."

Salisu kuwa sai ya taɓe baki. "Isiyaku nawa ne a Mandawari? Ni kaɗai na san huɗu, har da mai kaji."

"Mai kaji yana bugu ne?"

"Yana bugun kaji."

Kaset ɗin gidan su Ɗantani tun yana yaro rediyo ta cinye zarensa. 'Yarsa Husaina, malamar firamare, ita ta samo masa waƙar a wata manhaja ta waya, inda ake sauraron waƙoƙi kyauta matuƙar akwai data. Ya ji daɗi ƙwarai, sai dai kyautar tana da hali. Sabis ba ya son lungun nan. Sai da suka gano cewa a kan wata ƙusa kusa da taga kawai yake kamawa, suka rataye wayar a can cikin tsohuwar safa. Ko a hakan, ana tsakiyar bugu sai waƙar ta tsaya cak, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, su biyun su ƙame da hannu a sama kamar an ce kada kowa ya motsa. Wani lokaci kuma talla ce za ta faɗo: "Kana fama da ciwon gwiwa?"

"Muna fama!" in ji Salisu kullum, da ƙarfi.

Wata ranar Laraba da safe Ɗantani ya danna waƙar, ba ta taso ba. Ya goge fuskar wayar da hannun riga ya sake dannawa. Sunan waƙar yana nan amma ya dusashe, da wani ɗan rubutun Turanci a ƙasa. Ya kashe wayar ya kunna, ya canza mata safa, duk a banza. Ranar haka suka yi bugu ba kiɗa, hannu bai haɗu ba ko sau ɗaya, har Salisu ya kusa sauke ɗan bugu a babban yatsansa.

Bayan azahar Husaina ta biyo ta shagon daga makaranta. Ta gaishe su, ta karɓi wayar ta duba.

"Baba, an cire ta ai."

"Wa ya cire? Wayar tana kan ƙusa, ba wanda ya taɓa ta sai ni." Ya kalli Salisu da gefen ido.

"Ba daga nan aka cire ba, daga can wurin masu manhajar. Dama waƙar ba a cikin wayarka take ba. Kullum leƙo ta kake yi daga wurinsu, kamar mai kallon talabijin ta tagar maƙwabta. Yau sun rufe taga."

Ɗantani ya ce, "Wato shekara biyu ina zaman haya a waƙar ubana?"

"Uban wani dai," in ji Salisu.

Husaina ta zauna a kan benci ta yi ta bincike. Can ta ce ta gano. Jikar Ilu, wata mai suna Rukayya a Ƙofar Ruwa, ita ce ta janye waƙoƙin kakanta daga manhajar, ta buɗe nata shafin tana sayarwa. In ka biya sau ɗaya ka sauke waƙar cikin wayarka, ta zama taka, ko da sabis ko babu. Naira dubu ɗaya da ɗari biyar.

"To ce musu ɗari takwas."

"Baba, ba a ciniki a nan. Dannawa kawai ake yi."

"Ba a ciniki? Ni ko allura ban taɓa saya a farashin farko ba. Ba su da lamba?"

Akwai lamba a ƙasan shafin. Husaina ta so ta hana, amma ya riga ya gyara zama ya yi gyaran murya. Aka buga, wata mace ta ɗauka da sallama.

"'Yata, Ɗantani ne mai bugu daga Mandawari. Waƙar masu bugu nake so. Ɗari takwas."

Rukayya ta yi dariya. "Albarka, Baba."

"Dubu ɗaya, don darajar marigayi."

"Don darajar marigayi ai ƙari ya kamata ka yi. Wallahi Baba ko na so ba zan iya ragewa ba, abin a rubuce yake, kowa haka yake biya."

Ɗantani ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce wa Salisu, "Yarinyar ta iya kasuwa." Sannan ya koma. "To na ji. Gyara fa? Ko gyaɗa ka saya ana yi maka gyara."

"Gyaran yana ciki, Baba. Wadda kake ji a da minti huɗu ce, guntuwa ce wani ya ɗora ba da saninmu ba. Wannan daga ainihin kaset ɗin Kaka muka ɗauko, minti goma sha ɗaya cif. Akwai baitocin da ba ka ji ba."

Wannan ya gamsar da shi. Ya ce wa Husaina ta danna. Ta tura kuɗin ta waya, wani layi ya fara cika a hankali, duk suka zuba masa ido har ya kai ƙarshe. Sai ta kashe data gaba ɗaya, ta nuna masa, ta ajiye wayar a can ƙuryar shago inda sabis bai taɓa leƙawa ba.

Kafin ta kunna, Ɗantani ya ce a dakata. Ya fita ya kira tela na kusa da su, da mai gyaran takalmi, da wasu dattawa biyu da ke zaune a dakalin masallaci. Ya ce su zo su ji abin da ya saya da guminsa. Aka cika ƙofar shago.

Gurmi ya tashi, tas, ba tsayawa, ba mai ciwon gwiwa. Ɗantani da Salisu suka ɗauki 'ya'yan bugu, hannu ya haɗu. Da aka zo kan Isiyaku na Mandawari, Ɗantani ya ɗaga nasa sama, jama'a suka ce Allah ya jiƙansa. Inda waƙar ta saba ƙarewa sai ta zarce. Ilu ya yi wasu masu bugu na Ƙofar Nassarawa, ya yi wani mai rini, sannan ya sassauta kiɗa ya dawo:

"Isiyaku uban Ɗantani,
na kawo riga a buga mini,
na ajiye ƙosaina a gefe,
Ɗantani ya zo ya share,
ya bar ni da takarda da yaji.
Na ce yaro ina ƙosai?
Ya buɗe baki ya sa kuka."

Daga nan Ilu ya kwaikwayi kukan da bakinsa, gurmi yana amsa masa.

Tela ne ya fara faɗuwa don dariya. Salisu ya ajiye ɗan bugu ya riƙe ciki, hawaye na zuba, da ƙyar ya iya magana. "Na yarda. Wallahi na yarda, babanka ne. Na janye duk abin da na faɗa."

Ɗantani ya gyara hularsa. "Ɗantani nawa ne a Mandawari?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kai kaɗai ne. Ni na ma tuna ranar."

Da mutane suka watse, Ɗantani ya matso kusa da 'yarsa ya rage murya. Ya tambaya ko ana iya mayar da ita a karɓo gajerar. Ta ce abin da aka saya an saya. Ya tambaya ko za ta iya yanke wurin ƙosan. Ta ce za ta iya, amma ba za ta yi ba, kuma sai ta kunna wa Umma in sun koma gida.

Salisu ya miƙo tasa wayar. "Tura mini."

Ɗantani ya ce, "Ba zan tura ba. Marayun Ilu ne suke cin abinci da ita. Mai so ya saya."

Ya faɗi haka ne yana ganin Salisu, wanda ko ruwan leda sai ya yi tunani kafin ya saya, ba zai taɓa biya ba. Salisu ya juya wurin Husaina ya ce, "'Yata, danna mini." Bai nemi ragi ba. Ya kuma roƙe ta ta sa masa wurin kukan ya zama ƙarar kiran wayarsa.

Washegari da safe Ɗantani ya iso shago ya tarar da ƙunshin takarda a kan gungumen bugu, mai ya jiƙa ta, tana tururi. Salisu yana gefe yana ninke shadda kamar bai san da ita ba. Ɗantani ya ture ƙunshin gefe, ya kunna waƙarsa, suka fara aiki. Sun buga riga ɗaya, sun buga ta biyu. Ana cikin ta uku ya miƙa hannu ya buɗe takardar, ya ɗauki guda ya jefa a baki.

Ya tauna, ya ɗauki na biyu, ya ce, "Gobe ka ce wa mai ƙosan ta ƙara yaji."