Katakon Goggo Sunniva

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, kuma ko a aji aka ce in miƙe in yi magana sai muryata ta maƙale. Sau huɗu ina yaga shafin nan. Da akwai wanda zai rubuta labarin da na bar masa, to amma mutanen da abin ya shafa ba da alƙalami suke magana ba. Abin da ban gani da idona ba, goggona Sunniva ce ta gaya mini a ɗakin girkinta, tana ferar dankali, ba ta ko kallona.

Su uku ne, shekara talatin da ɗaya suna kiɗan jaz tare. Haldor ke kaɗa fiyano, dogo mai tabarau, wanda suke kira Farfesa saboda ba ya iya ganin kuskure ya yi shiru. Eilif ke kan ganguna, gajere mai tumbi da dariya. Sunniva kuwa ita ce mai babban goge, wanda ya fi ta tsawo, ana tsayar da shi a ƙasa bisa tsinken ƙarfe, da yatsa take kaɗa shi. Wurinta a tsakiya yake, Haldor a damanta, Eilif a hagunta. Takan ce rabin aikinta kiɗa ne, rabi kuma raba faɗa.

Shekara uku kafin ranar da zan ba ku labarinta, bayan wani wasa a birnin Bergen, Eilif ya tare ta suna loda kaya a mota.

"Ƙanwata," ya ce, "kunnen fa ya tafi."

Ta ɗauka wasa yake, don shi komai wasa ne. Ashe na hagu ya mutu murus, na dama saura ɗan kaɗan. Magana yana tsintar ta a leɓen mutum in an fuskance shi. Amma da zarar ya zauna cikin gangunansa, ƙararsu ta rufe komai, ba ya jin fiyano, ba ya jin goge. Ya gwada na'urar da likita ya ba shi, ya ce duk sanda ya taɓa faifan tagulla sai ya ji kamar ana soka masa allura a ka.

"Kada ki gaya wa Farfesa."

"Haba Eilif. Ai ba korarka zai yi ba."

"Da ma korar ce, da sauƙi. Tausayina zai ji. Zai fara sassauta mini kiɗa kamar mai ba mara lafiya abinci a baki. Ki rufa mini asiri, ke kaɗai."

Ta yi masa alkawari. Kwana uku tana tunani, sannan ta tafi tsohuwar rumfar kwale-kwalen mahaifinta ta zaro wani busasshen katako mai tsayin mutum da rabi. Ta huda rami a kai ɗaya, inda tsinken gogen zai zauna. Ɗaya kan kuma ya miƙe har ƙarƙashin diddigen Eilif na hagu. Ya cire takalmi ya ɗora ƙafa, ta ja igiya mafi kauri. Sai ta ga fuskarsa ta buɗe.

"Sake," ya ce. "Kai! Ga ki nan a ƙafata, yarinya."

Tun daga ranar, duk inda suka je da katakon suke zuwa. Ta ce wa Haldor yana ƙara wa goge zaƙin murya ne. Eilif kuma ya ce takalmi ke matse masa ƙafa. Haldor ya sami abin tsokana.

"Ɗaya na yawo da ƙyauren ɗaki, ɗaya na kiɗa da safa mai huji. Ni kaɗai ne mai hankali a motar nan. Uwar katako, yaushe za a raɗa masa suna?"

"Ranar da ka koyi yin shiru," in ji Sunniva.

Haka aka yi shekara uku, ba wanda ya gane.

Ran wata Lahadi cikin watan Yuni aka gayyace su wasa a cocin tsibirinmu, da ƙarfe biyu na rana. Sun kwana a wani gari can ƙetare, kuma da safe Haldor ne ya loda mota, don Sunniva ta tafi neman kofi. Suka shiga jirgin fito, suka tsallako. Sai da suka buɗe bayan motar a ƙofar coci ta ga wata tsohuwar kujera mai lilo kwance a kan akwatunan ganguna. Ta ɗaga kujerar, ta duba ƙasa, ta duba gefe.

"Haldor, ina katakona?"

"Au, wannan? Na jingine shi a bayan ɗakin da muka yi wasa jiya. Kujerar nan na samo wa matata, kuma ba wuri. In mun dawo ma ɗauka. Haba, kada ki yi mini wannan kallon, katako ne fa, ba jariri ba."

Jirgi na gaba sai ƙarfe biyar. Ta shiga cocin da sauri ta kalli ƙasa. Dutse ne, shimfiɗaɗɗe mai sanyi, tun daga ƙofa har bagade. Ko guduma ka buga a kansa, wanda ke taku biyu da kai ba zai ji komai a ƙafarsa ba.

Borghild, dattijuwar da ke kula da cocin, ta tarye su da waina mai ɗumi da cuku mai ruwan ƙasa. Sunniva ba ta ko kalli farantin ba. Ta tambaye ta ko akwai wani dogon katako a kusa. Suka zaga tare. Bencuna duk an kafe su da ƙusa. Suka sami murfin wani akwati, ya yi gajarta. Suka haɗa guda biyu baki da baki, Eilif ya ɗora ƙafa a ɓoye, ta ja igiya, ya girgiza kai. Motsin a mahaɗar yake mutuwa.

Ta ja shi bayan ginshiƙi, ta juyo da fuskarta sosai don ya ga bakinta.

"Mu gaya masa yanzu. Ko kuwa mu ce a cire kiɗan ƙarshe."

"In ya ce don me fa? Kin san Farfesa, sai ya tone mu har gindi." Ya lashe cukun da ke yatsansa. "Zan kalli hannunki. Idona dai ba abin da ya same shi."

"A kiɗan ƙarshe rufe ido kake yi. Kullum."

"Yau ba zan rufe ba."

"Ka rantse."

"Na rantse da wainar Borghild. Ke dai kin cika tsoro, ƙanwata."

Ta leƙa ta hango Haldor yana gwada fiyano, kansa a sunkuye. Taku goma ne tsakaninsu. Ta gaya mini ta ƙirga su. Da ta yi takun nan ta faɗi kalma biyar, da an sauya kiɗan, shi ke nan. Amma ta yi alkawari, kuma Eilif na kallonta. Ta koma ta ɗauki gogenta.

Coci ya cika, masunta da matansu da 'yan hutu, ni ma ina bencin baya da littafina. Rana na shigowa ta dogayen tagogi. Eilif ya cire takalmansa kamar kullum ya jera su gefen ganga, ya ɗora ƙafa a kan dutse.

Kiɗa shida suka tafi lafiya. Idonsa na kan hannunta na dama, ita kuma ta riƙa ɗaga yatsa fiye da kima don ya gani. Gumi ya jiƙa mata baya. Sau ɗaya Haldor ya ɗago ya harare su, don kiɗan ya yi tauri kamar na masu tsoron juna, amma mutane suna ta tafi. Har ta fara cewa a ranta an tsira.

Kiɗan ƙarshe nasu ne na kansu, tun suna matasa suka tsara shi. A tsakiyarsa fiyano da goge sukan yi shiru su bar wa Eilif fili shi kaɗai, ya yi yadda ransa ke so. In lokaci ya yi, Sunniva ce ke kiransa gida: ta ja igiya mai kauri sau uku, a na ukun ya sauke hannu, fiyano ya shigo a hankali da waƙar. Sau dubu sun yi haka.

Ya fara da shafa ganga da tsintsiyar waya, shuu, shuu, kamar ruwa na ja da baya a kan tsakuwa. Idonsa a buɗe. Ya ɗauki sanduna. Kiɗan ya hau, ya yi daɗi, daɗin da ya daɗe bai yi ba, har wani tsoho a sahun gaba ya ce "Yawwa!" da ƙarfi. Sunniva na kallo sanda kan Eilif ya kwanta baya, idanunsa suka lumshe. Ba da gangan ba. Shekara talatin da ɗaya ne suka rufe masa su.

Ta jira, ko zai buɗe. Haldor ya ɗaga mata gira, alamar lokaci ya yi. Ta ja igiyar. Ɗaya. Biyu. Uku.

Haldor ya shigo da waƙar, a hankali, mai taushi. Ganguna kuwa suka ci gaba da gudu a kanta. Ta sake ja, da ƙarfin da ya sa fatar yatsanta ta tsage. Eilif na murmushi, ido rufe, diddigensa manne da dutse, yana jiran kiran da ba zai iso ba. Haldor ya daki fiyano da hannu biyu. Ya kira sunansa a gaban jama'a. Sannan ya ɗauke hannu gaba ɗaya. Sunniva ma ta tsaya. Mutane suka fara kallon juna, wata mata ta rufe bakinta da tafin hannu.

Shi kaɗai ya yi ta kiɗa. Ban san tsawon lokacin ba. Goggo ta ce bai kai minti biyu ba, ni dai na ga kamar an yi wuni.

Da ya buɗe ido, Haldor ya fara gani, hannuwa a kan cinya. Sannan Sunniva, da jini a yatsa. Sannan fuskokin mutane. Sandunan suka tsaya a sama. Ya sauke su a hankali ya ajiye a kan ganga.

Aka yi tafi, irin tafin da ake yi don a rufe wani abu. Mutane suka fita waje shan kofi ba hayaniya.

"Wane irin wulaƙanci ne wannan?" Haldor ya taso. "Sau shida ta kira ka! Ni na kira ka da bakina! Ko giya ka sha da rana tsaka?"

Ya yi maganar ne ta bayan Eilif, ta gefen hagu. Eilif bai juyo ba, yana kwance faifan tagulla. Haldor ya tsaya. Ya kalli ƙeyarsa, ya kalli ƙafarsa mai safa a kan dutse, ya kalli tsinken gogen da ke tsaye ba komai a ƙarƙashinsa. Ya cire tabarau.

"Tun yaushe?" ya tambayi Sunniva.

"Shekara uku."

"Shekara uku kuna barina ina yi wa katakon nan dariya."

Ya zagaya ya durƙusa a gaban Eilif, dogon mutum har gwiwa a ƙasa, ya yi magana a hankali yana buɗe baki.

"Zan koma in ɗauko shi. Jirgin ƙarfe biyar. Kujerar banzan nan in jefa ta a teku. Mu sa a yi mana guda uku, a ɗaure ɗaya a rufin mota. Kiɗan ƙarshen ma sai mu gyara shi, mu rage..."

"Kin ji ko?" Eilif ya dubi Sunniva, ya yi ɗan murmushi. "Ban gaya miki ba? Har ya fara ba ni a baki."

"Kai tsohon banza, ba haka nake nufi ba."

"Na sani, Farfesa. Tashi, gwiwarka ba ta da kyau." Ya shafa fatar gangar da tafin hannu. "Ba katakon ba ne. Ina can ina jin daɗina, na ɗauka muna tare. Na buɗe ido na ga ashe ni kaɗai ne. Ka dubi hannunta. Shekara uku tana ɗauke da ni da gogen gaba ɗaya, ni kuwa ina cewa na iya."

"Ban gaji ba," in ji Sunniva. Bai ga bakinta ba, don haka bai ji ba. Ta matso ta sake faɗa a gabansa. Ya gyaɗa kai kamar ta gaya masa jirgi ya iso.

Sai ya sunkuya ya jawo takalmansa. Ya sa na dama, ya sa na hagu. Ya ɗaure igiyoyin a hankali, ƙulli biyu-biyu, su kuwa suna tsaye a kansa, ba wanda ya hana shi. Sunniva ta riƙe wuyan gogenta da hannu biyu. Har yau katakon na jingine a bayan ƙofar ɗakin girkinta, Haldor ne ya je ya ɗauko shi washegari, kuma tun daga ranar ba a sake ɗora ƙafa a kansa ba.

Ni kuwa littafina na manta a bencin baya, shi na dawo ɗauka, ban yi niyyar ganin komai ba. Na rungume shi a ƙirji, na bi jikin bango a kan yatsun ƙafa, na ja ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, na fice kafin wani ya ɗago kai.