Koren Haske a Ganyen Lemu

Auta ta daɗe tana neman abu guda: inda furotin na cutar bairos ke maƙalewa idan ya shiga ganyen lemu. Cutar ce ta cinye gonar mahaifinta bishiya bayan bishiya, ganye ya koma rawaya, 'ya'ya su zube tun ba su nuna ba. Ita ta raba ta da gida, ta kawo ta wannan ɗakin bincike mai sanyi kamar firji, inda abokan aiki ke tsokanarta da Likitar Lemu.

Aikin na haƙuri ne. Ta yanka ganye siriri, ta ɗiga masa rinin da ke kama furotin ɗin ya sa shi ƙyalli, sannan ta leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Ƙwayoyin halittar ganyen sukan fito a jere kamar ɗakunan haya. Kullum ɗakunan duhu ne.

Ran Asabar da hantsi, ba kowa a ginin, ta leƙa ta ga kore. Ba a tsakiyar ɗakunan ba, inda take ta nema. Ɗigo-ɗigo ne a jikin bango, daidai 'yan ƙofofin da ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta abinci ta cikinsu. Ashe nan yake tarewa, yana buɗe wa cutar hanya.

"Zo ki gani!" in ji ta, ta waiwaya. Kujerar abokiyar aikinta wayam, sai rigar aiki a rataye.

Ta kira gida. Yayanta ne ya ɗauka.

"Yaya, na gan shi! Ba Baba waya."

"Auta, jiya fa aka sare sauran bishiyoyin. Baban ne da kansa ya sa a sare. Tun safe yana zaune a kan kututture."

Ta ji takun ƙafa, ta ji iska, sannan muryar tsohon.

"Autata, kin ci abinci?"

"Baba, na ga inda ɓarawon ke ɓuya. A bakin ƙofa yake."

Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya. "To, kin kama shi?"

"Gani kawai na yi tukuna. Kamun da saura."

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Bishiyoyin wasu za su tsira. Yaushe za ki zo?"

Ta ce ba da daɗewa ba. Ya ce to, ya miƙa wayar ba tare da ya kashe ba. Ta daɗe tana sauraren kaji da ƙarar gatari daga nesa kafin layin ya yanke.

Gani ɗaya ba ya zama hujja a wannan aiki. Ta goge idonta da bayan hannu, ta ɗauko wani ganyen, ta sa sabuwar reza.