Kwalba ta Talatin da Bakwai

Ta buɗe ƙaramar kwalbar, ta kai hanci, ta shaƙa har ƙirjinta ya cika. Babu komai.

Shekara uku ke nan aikinta a ɗakin gwajin: ta sansana sinadari, ta rubuta abin da ta ji. Kwamfutar Dakta, shugaban ɗakin, kuma ta duba ƙirar sinadarin, ta yi hasashen waɗanne ƙwayoyin cikin hanci zai taɓa, da irin ƙamshin da mutum zai ji. Sai a gwada amsoshin biyu. Shi ya sa kowa a wurin yake kiranta Hanci.

Amma tun murar da ta kwantar da ita wata biyu baya, hancin bai ƙara jin ƙamshi ko wari ba. Ko mijinta ba ta gaya wa ba, shi dai ya lura girki yana yawan kamawa. Idan aka ji labari, kujerar nan ta wani ce. Don haka in za ta wuce wankin hannu sai ta saci kallon allon Dakta, ta haddace hasashen, ta dawo ta rubuta.

Dakta ya shigo, tabarau a goshi.

"Hanci! Talatin da shida, duk daidai. Ke da kwamfutar nan uwa ɗaya ta haife ku ne? Shekara tara ina jiran yau. Da la'asar zan tura sakamakon."

Ta ɗauki biro. A layi na talatin da bakwai ta rubuta: ban ji komai ba. Ta miƙa masa takardar ba tare da ta ɗaga kai ba.

Ya karanta, ya tafa hannu.

"Kai, madalla! Ai ruwa ne zalla a ciki, tarko na ɗana miki. Ke dai ba a kama ki."

Ya juya zai fita. Ta dubi ƙeyarsa, furfurar da babu ita lokacin da ta fara aiki.

"Dakta, ɗan tsaya."

Ta jawo kwalba ta gaba, mai jan murfi, ta buɗe. Ya ja da baya yana tari, ya toshe hanci da hannun riga.

"Subhanallahi! Rufe mana, baiwar Allah, za ki kashe mu?"

Ba ta rufe ba. Ta kai kwalbar dab da hancinta, ta shaƙa a hankali, tana kallonsa.

"Wannan ma ban ji ba," ta ce.