Zanzanar Kaka

Kaka ya ce shi ya riga likita ganowa, kuma har gobe bai janye ba.

Jikarsa na kwance, jiki zafi rau, idanu jajur. Likita ta ce cuta biyu ke zuwa da wannan kama, kowacce da maganinta, sai an duba tambarin da ke jikin sojojin jinin yarinyar, wato ƙwayoyin da ke yaƙar cuta.

Kaka ya shafa zanzanar fuskarsa, ya dubi likita. "Yo wannan ai karatuna ne, 'yata! Kowane ciwo da shaidarsa. Agana ta gwada ni, ga tata nan."

Aka duba, aka dace da magani. Ran da zazzaɓin ya sauka, yarinyar ta lakaci kumatunsa. "Tsoho mai ramuka."

"Amaryata ta tashi! Mai musu ya zo ya ƙirga ramukan!"